Wa Ya Ture Mawaƙiya Zuwa Hagu?

Kwalba ɗaya aka sace wa Baba, 'yar ƙarama da ba ta wuce tsawon babban yatsa ba, amma ihun da ya yi da safiyar Asabar ɗin sai ka ɗauka gidan aka kwashe har da ƙofofi.

Wanda bai san Baba ba zai ce mun haukace, don haka bari in yi bayani. Tsohon matuƙin jirgin sama ne, kowa Kyaftin yake ce masa. Tun da ya yi ritaya ya ware ɗaki guda don sauraron waƙa. Akwai lasifika biyu, kowace ta kai kafaɗata, da na'urar juya faifai, da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai kwalabe waɗanda ke yin ja kamar garwashi in sun ɗau zafi. Kwalaben nan bibbiyu ake sayensu, sai an auna ƙarfinsu an ga ya zo ɗaya, wannan ta riƙe hagu, waccan ta riƙe dama. In komai ya zauna daidai, ka hau kujerar tsakiya ka rufe ido, za ka rantse mawaƙiyar tana tsaye a gabanka, tsakanin lasifikokin biyu. Wannan tsayuwar tata a tsakiya ita Baba yake wa hidima dare da rana.

To, ran nan ya sa faifai, sai ga mawaƙiya can hagu, jikin taga, kamar mai shirin tsallakewa waje. Ya leƙa amfilifaya. Kwalabensa farin rubutu gare su. Ta hagu kuwa yanzu rubutunta ja ne. An cire tasa, an dasa masa baƙuwa.

Kafin azahar labari ya zaga layinmu. Abokan Baba biyu da ke zuwa sauraro duk Asabar, Injiniya da Mai Kemis, suka iso suna salati, kowa na satar kallon aljihun ɗan'uwansa. Mama tana tsaye bakin ƙofa tana murɗa gefen mayafi. Baba bai kalli ko ɗayansu ba, ni ya nuna da yatsa.

"Mijinki ne, Auta. Wannan ɗan lissafin. Ki gaya masa kada ya sake taka mini gida."

Mijina malamin lissafi ne, mutumin da ko biro ya ara sai ya mayar da murfinsa. Na san dai kwanakin baya sun keɓe shi da Baba a ɗakin nan, suka fito fuskar kowa a murtuke, kuma babu wanda ya yarda ya gaya mini abin da aka faɗa. Amma sata? Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina son mutanen nan biyu, kuma na san taurin kan Baba: in ya rufe ƙofa, sai a shekara ba a buɗe ba. Ban tsaya jayayya ba, na ɗauki jakata na tafi ɗauko Kawu.

*

Kawu ƙanin Mama ne. Mai-Sawu ake ce masa, don ya daɗe yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu farautar sata. Shi duk ilminsa na sauti bai wuce 'yar rediyonsa mai eriya ɗaure da zare ba. Da ya ji abin da aka sace sai da ya yi dariya har ya ƙware.

"Kyaftin," ya ce da muka iso, "na ji an sace maka kwalbar turare."

"In wasa ya kawo ka, ƙofa tana nan inda ka bar ta."

"Aiki ya kawo ni. Kowa ya fita, ban da Auta. Ita za ta riƙe mini tocila."

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando. Ko kallon amfilifayar bai yi ba. Ya kwanta rub da ciki a kan kafet, ya sa na haska tocilan a kwance, daidai da ƙasa. Nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Lasifikokin a kan ƙusoshi masu tsini suke tsaye, kuma Baba ya zagaye gindin kowace da salatif don kada ta gusa. Ta dama tana cikin ramukanta. A bayan ta hagu kuwa ga wasu ramuka masu zurfi babu komai a cikinsu, sai ƙanana a jere a gabansu.

"Wannan giwar tafiya ta yi," in ji Kawu. "Kaɗan-kaɗan, ba rana ɗaya ba. Gaba take matsowa. Wanda ya kora ta har salatif ɗin ya ɗaga ya sake mannawa, ga danƙon tsohon wurin ya kama ƙura."

Ya rarrafa zuwa kujerar tsakiya, ya shafa kafet ɗin da tafin hannu. Ita ma ƙafafunta sun bar tsohon gurbinsu, sun gusa wajen taga. Sai a ƙarshe ya miƙe ya leƙa baƙuwar kwalbar, hannayensa a baya.

"Ko zanen yatsa babu. An goge ta, an zaunar da ita da ladabi. Auta, kin taɓa ganin ɓarawon da ya sace akuya ya ɗaure wata a turken?"

"To wane ne, Kawu?"

"Ban sani ba tukuna. Na dai ga sawu fiye da ɗaya, kuma duk gefe ɗaya suka nufa."

*

Injiniya muka fara samu, a ɗakin gyare-gyarensa da ke bayan gidansa, inda ƙaurin dalma ke tarbar baƙo tun daga ƙofa. Mutum ne mai tumbi da yawan murmushi, amma ran nan gumi yake kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

Kawu ya zauna kan wata tsohuwar talabijin. "Koya mini sana'arku. In sauti ya karkace, yaya kuke gano mai laifi?"

Nan Injiniya ya saki jiki, don babu abin da yake so kamar a tambaye shi. "Sauƙi gare shi. Musanya ake yi, abu ɗaya-ɗaya. Ka ɗauki wayar hagu ka kai dama, ta dama ka kawo hagu. In karkatar ta bi wayar ta koma ɗaya gefen, ka kama ɓarawonka. In ba ta motsa ba, wayar ta fita, sai ka musanya kwalabe. Daga nan lasifika. Duk abin da ka juya matsalar ta bi shi, shi ne."

"Kai, wannan ai bin sawu ne. Babu wani maɓalli da za a murɗa a mayar da ita tsakiya? Ko rediyon motata tana da shi."

"A amfilifayar Kyaftin? Ya ce wannan maɓallin dagula sauti yake yi, da gangan ya sayi wadda ba ta da shi. Shi ya sa muka sha wahala. Watanni yana kukan mawaƙiya tana zamewa dama. Mun musanya wayoyi, mun wanke soket, mun canza allurar faifai."

"Dama? Ai hagu na ji an ce."

"Yau ne ta koma hagu. Da can dama yake cewa." Ya goge wuya da hankici. "Ni dai da za ka bi ta tawa, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki za ka tambaya. Ya shiga ɗakin a makon nan."

"Ita baƙuwar kwalbar, ta banza ce ko?"

"Ta banza? Ai ta fi tasa ƙarfi, an daina yin irinta ma. Ƙafafunta ruwan zinari ne."

Da muka fito Kawu ya ce, "Ƙafafun kwalbar a cikin rami suke, Auta. Ni da na sa ido a kanta ban gan su ba."

"Shi ne ke nan!" na ce.

"Sawu ɗaya ke nan. Wannan tumbin ba zai iya tura lasifika ba."

Mai gyaran na'urar sanyin bai ci mana lokaci ba. A waya ya rantse Baba yana tsaye a kansa tun shigarsa har fitarsa, ko atishawa bai bar shi ya yi wajen amfilifaya ba. Duk wanda ya san Baba ya san gaskiya ya faɗa.

*

Mai Kemis dogo ne siriri, yana bayan kantarsa yana ba wata mata maganin tari. Da zai ɗauko kwalin daga ƙasa sai da ya dafa ƙugu ya yi nishi.

"Baya ne?" in ji Kawu.

"Tsufa ne, Mai-Sawu."

"Tsufa da ƙamshin man zafi. Me ka ɗaga haka?"

"Katan ɗin ledojin ƙarin ruwa," ya ce da sauri. Sai ya juyo gare ni, ya rage murya. "'Yata, ba don in ɓata miki rai ba, amma na ga maigidanki a tsugune bayan amfilifaya da waya a hannu. Kwanaki ne dai, amma na gan shi da idona."

Muka wuce gidana kai tsaye. Mijina yana falo yana duba takardun ɗalibai, amma na lura jar biron a rufe take. Ya durƙusa ya gaida Kawu.

"An gan ka bayan na'ura," in ji Kawu.

"Haka ne, Kawu. Akwai manhaja a wayata mai auna ƙarfin sauti. Na ga Baba yana ta kashe kuɗi a kan wayoyi, sai na auna hagu, na auna dama."

"Me ka samu?"

"Daidai suke. Ko bambancin gashi babu."

"Sai ka gaya masa."

"Na gaya masa. Na ƙara da wata magana."

"Wace magana?" na ce.

Ya sunkuyar da kai. "Tsakanina da shi ce. In bai faɗa ba, ba ni zan faɗa ba."

Na so in jefe shi da matashin kujera. Ana zarginka da sata kana rufa wa mai zarginka asiri! Kawu kuwa murmushi ya yi, ya dafa kafaɗarsa, ya ce gobe da hantsi ya kawo ni gidan Baba, ya tsaya a mota bakin get tunda an hana shi shiga.

*

Da yamma muka koma gidan Baba. Mama tana kicin tana wanke kofuna, ta ce ita ba ruwanta da ɗakin nan in ban da shara.

"Yaya, in kina shara kina ɗaga kujerar?" in ji Kawu.

"Kai dai tun kana yaro ka cika tambaya. Ungo, kai wa Kyaftin shayi."

Baba yana baranda ya haɗe rai. Mama ta biyo mu da sukari. Kujerar da ke hagunsa babu kowa, ga ta kusa, amma sai ta zagaya ta bayansa ta je damansa kafin ta ce, "Cokali nawa?" Kawu ya bi ta da kallo. Sannan ya ja kujerar hagun ya zauna, ya ce a hankali, da muryar hira, "Kyaftin, ni fa rediyona ta fi kayan nan naka daɗin sauti."

Mutumin da ya taɓa korar baƙo don ya ajiye kofi a kan lasifika! Amma Baba ya ci gaba da juya shayinsa yana kallon titi. Na ɗauka fushi ne ya sa ya share shi.

Kawu ya miƙe, ya zagaya dama, ya ce, "Gobe da hantsi ka tara mini kowa a ɗakin."

"Ka kama shi?"

"Na kama su."

*

Washegari ɗakin ya cika. Baba yana kan kujerarsa kamar alƙali. Injiniya da Mai Kemis suna jikin bango, Mama a bakin ƙofa, ni kusa da taga inda nake hango motarmu a waje da mijina a ciki.

"Mai Kemis," in ji Kawu, "zo ka kama mini mu mayar da lasifikar nan cikin tsoffin ramukanta. Ka san nauyinta, bayanka ma ya sani."

Mai Kemis ya zo ya kama.

"Yaya, kujerar fa? Ke kika san inda kika same ta."

Mama ta ce, "Ɗan tashi, Kyaftin." Baba ya tashi kamar a mafarki, ta ja kujerar ta mayar da ita gurbinta ba tare da ta ko duba ƙasa ba.

"Injiniya, sa hannu a aljihu. Mutum irinka ba zai iya barin ta a gida ba."

Injiniya ya zaro hankici a naɗe, ya warware. Ga kwalbar Baba da farin rubutunta. Ya kashe na'ura, ya jira ta huce, ya mayar da ita wurinta.

Abin dariyar shi ne yadda su ukun suka tsaya suna kallon juna.

"Kai ma?" in ji Mai Kemis.

"Wallahi na ɗauka ni kaɗai ne," in ji Injiniya. "Shi ya sa da na ji ta wuce har taga na kasa gane lissafin. Na auna kwalbar nan, ɗan kaɗan ya kamata ta ƙara!"

"Ni da na riga na kusan dawo da ita tsakiya," in ji Mama, "kuka zo kuka ɓata mini aiki."

Baba ya daka tsawa. "Matata da abokaina! A ɗakina! Me na yi muku?"

Mama ta kalli ƙasa, Injiniya ya kalli silin.

"Yanzu komai ya koma yadda ka tsara shi," in ji Kawu. "Sa mana faifan. Kowa ya taho bayan kujerar nan ya rufe ido. In ta fara waƙa, ku nuna mini inda take da yatsa."

Kwalabe suka yi ja, allura ta sauka, muryar ta cika ɗakin. Ni ban taɓa tsayawa na saurara da gaske ba sai ran nan, har tsigar jikina ta tashi. Ga ta nan a gabana sosai. Na nuna, na buɗe ido. Yatsun kowa tsakiya suke nuni, har da na Kawu. Na Baba kaɗai ya nufi dama, wajen ƙofa.

"Kun gani?" in ji Baba, idonsa a rufe. "Ta koma dama. Abin da nake faɗa ke nan tun tuni. Akwai abin da ya lalace."

"Akwai," in ji Kawu a hankali, ta gefen daman Baba. "Injiniya ya koya mini yadda kuke yi. An juya wayoyi, an juya kwalabe, an juya komai a ɗakin nan. Abu ɗaya ne ba a taɓa juyawa ba. Tashi, Kyaftin."

Ya juya kujerar ta ba lasifikokin baya. Baba ya zauna yana fuskantar bango, ya sake rufe ido. Waƙar tana ci gaba. Hannunsa ya ɗaga a hankali, ya yi jim a sama, sannan ya nuna ta kan kafaɗarsa. Wajen taga ya nuna. Babu wanda ya taɓa ko waya ɗaya, amma mawaƙiya ta bar ƙofa ta tsallaka ɗakin, ta bi kunnensa na dama.

Baba ya fi kowa sanin dokar. Duk abin da ka juya matsalar ta bi shi, shi ne. Ya sauke hannun, ya kai shi kan kunnensa na hagu, ya bar shi a wurin. Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika.

"Gefen injin ne," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Shekara da shekaru farfela tana kaɗawa a wannan gefen." Ya juyo ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Duk kun sani?"

"Mun sani," in ji Mama. "Ɗakin nan ne farin cikinka. Wa zai iya gaya maka?"

"Sai kuka zaɓi ku karya wa Mai Kemis baya."

Mai Kemis ne ya fara fashewa da dariya, yana dafe da ƙugu. Injiniya ya kama, tumbinsa na rawa. Baba ya yi ta ƙoƙarin haɗe fuska, ya kasa, ya yi dariya har yana share hawaye da hannun riga.

"Ɓarayi uku," ya ce, "ko shawara ba ku iya yi da juna ba. Da jirgi na ba ku, da a teku za mu sauka." Sai dariyar ta tsaya masa. "Mutum ɗaya ne ya dube ni ya gaya mini. Shi kuma na kora."

Ya miƙe ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Muka bi shi a baya har bakin get. Mijina na ganinsa ya fito daga mota da sauri ya durƙusa a kan kwalta.

"Tashi, tashi," in ji Baba. "Maganar da ka yi mini ran nan, sake faɗa. A'a, ba ta nan ba, zagayo ta wannan gefen."

Mijina ya zagaya damansa, ya kalle ni. "Cewa na yi, Baba, na'urar lafiyarta ƙalau. Ko za mu je a duba kunnen?"

"Yauwa. Yanzu na ji." Baba ya kama hannunsa ya riƙe gam. "Kai za ka kai ni. Buɗe get ɗin, Auta, ɗana ya shigo da motarsa, rana tana dukanta."